Gyaran kicin a gidan haya da ɗan kuɗin da ke hannu

Lokacin da muka tare a gidan da muke haya a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi, abu na farko da ya tsaya min a rai shi ne kicin ɗin. Bangon bayan murhu ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi da maiƙo, simintin ƙasa ya farfashe, ba kanta ko ɗaya, taga kuma ba raga. Maigida ya ce in yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara, ni kuma na san kullum sau uku zan shiga wurin nan, wani lokacin ma fiye. To 'yar uwa idan ke ma haka naki yake, ga yadda na bi da nawa, kuma tun yanzu in faɗa miki, duk abin da za ki kashe wa kuɗi ki tabbatar ranar tashi zai shiga mota tare da ke. A gidan da muka baro na sa an yi min tayil a bango da kuɗin adashina, da za mu tashi mai gidan ya ce shi bai sa ni ba, haka na bar shi ina ji ina gani.

Kafin ki sayi komai ki fara wanke bangon. Mutane da yawa sai su tsallake nan su tafi sayen sitika ko fenti, bayan sati biyu ki ga yana ɗayewa, dan babu abin da ke kama jikin maiƙo. Ruwan zafi, garin sabulu, ɗan kanwa da kika jiƙa, sai soson ƙarfe a inda ya kafe sosai, ki sa leda ko safar roba a hannu saboda kanwa na cin fata. Ki bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu. Idan da hali ki yi aikin nan da rani ko lokacin hunturu, bangon damina yana riƙe danshi, musamman ƙasa-ƙasa.

Maganar fenti, kicin ƙarami galan ɗaya mai lita 4 yakan isa, kuma ba sai kin kira mai fenti ba, ƙaninki ko yaron maƙota da burushi ya wadatar. Fentin ruwa ya fi araha amma ba ya jure wanki, fentin mai kuwa kina gogewa da tsumma maiƙon ya fita. Ni abin da na yi, daga ƙasa zuwa daidai kafaɗata na sa na mai, sama kuma na ruwa fari. Ki nemi izinin mai gidan tukuna ko da ta bakin maigida ne, yawanci ba sa hanawa tunda gidansu ake gyarawa, wani ma in an yi sa'a ya yarda a cire a kuɗin haya.

Yanzu sitikar bango da ake yayi, mai zanen tayil ko na mabul, wadda ake samu a kasuwar Wunti wurin masu labule da kayan ɗaki. Tana da kyau wallahi, tana canza wuri cikin awa ɗaya, amma roba ce, kuma na ga kicin ɗin wata ƙawata da ta manna ta har bayan gas, harshen wuta ya lashi gefen tukunya ya taɓa ta, ta narke ta yi baƙi, Allah ne ya tsare. Ki manna ta a wurin wanke-wanke da saman tebur da jikin ƙofar durowa da ta tsufa, amma bayan wuta ƙarfe ake sawa. Ki je wurin masu buga takardu ki tambayi fallen alminiyon da suka gama aiki da shi, suna sayarwa da arha, ki juya bayansa mai sheƙi ya kalli waje, ƙusa huɗu ƙanana sun riƙe shi. In ba ki samu ba ko babban tire na silba kika jingina ya yi. Wurin mannawa kada ki ɓare takardar bayan gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan za ki riƙa ja kina bi da tsohon katin waya ko na banki kina korar iska.

Tebur shi ne inda na fi jin daɗin dabarar. Kafinta ya yanka min kuɗin kabad da na ji na san ba yanzu ba, sai na sayi bulo mai inci 9, na jera uku-uku a gefe biyu a jikin bango ba tare da siminti ba, na sa aka yanko min katako mai kauri daga kasuwar Muda Lawal aka ɗora a kai. Uku na ce dan gas ɗin tebur yana ƙara tsayi, in kika jera huɗu sai kin yi ɗage kafin ki ga cikin tukunya, kuma tuƙin tuwo zai wahalar da ke. Na yankan kayan miya ne za ki iya kai shi huɗu, wajen santimita 90 kenan. Saman katakon na shimfiɗa ledar ɗaki da ta rage, ƙarƙashin gas ɗin kuma fallen ƙarfe. Gaban na kai wa tela tsohuwar atamfa ya yi min labule da igiyar roba, tukwane da kuloli duk suka ɓuya a ciki. Sai dai idan kina da yara masu rarrafe ko masu hawa abu, ki sa bulon biyu-biyu a kowane gefe ya zauna daram, kuma labulen kada ya kai kusa da wuta.

Tulun gas ɗin kuwa kada ki kulle shi cikin labule ko durowa dan neman kyau. Gas ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake taruwa, ba za ki ankara ba sai kin ƙyasta ashana. Ki bar shi a fili kusa da ƙofa ko taga, lokaci-lokaci ki shafa kumfar sabulu a bakin tiyo, in kika ga tana ƙwai to yana fita. Kurfoti kuma, yanzu da tsadar gas ta mayar da mu kan gawayi, ki hura shi a tsakar gida, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ko da ba ki ga hayaƙin da ido ba, ga shi zai mayar miki da sabon fentin gidan jiya.

Ƙasa, idan ramukan ba su da yawa, mudu ɗaya ko biyu na siminti da yashi ya cike su, sai ki shimfiɗa ledar ɗaki mai kauri ba tare da gam ba. Mai santsi ki guje ta.

Wurin wanke-wanke ne yake ruɓar da komai. In babu famfo a ciki, bokiti mai murfi da aka sa wa kan famfo a ƙasa ya isa, ki ɗora shi a kan kujera 'yar tsugunno a saman teburin, baho a ƙarƙashinsa, ruwan da kika saya wurin mai garuwa ma zai fi yi miki auki. In akwai famfon amma yana ɗiga, farin zaren nan na masu gyaran famfo kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ki kashe ruwa ki kwance ki naɗa ki mayar. Ramin kwata ki toshe shi da raga, ta nan ɓera da kyankyaso suke shigowa, taga ma ki sa mata raga da 'yan ƙusoshi.

Sauran kuma tsari ne kawai. Katako ɗaya mai ƙusoshi a jere ya ɗauke miki ludayi, mara, muciya da matsami daga kan tebur. Bokitan fenti na lita 20 da aka wanke tas aka shanya suna ɗaukar shinkafa da garin masara da wake, murfinsu na kamawa sosai, amma ki fara sa ledar abinci ko buhu mai tsafta a ciki, kada hatsi ya taɓa jikin bokitin. Robobin mayonis da kwalaben zuma su ne na daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya da yaji, ki manna takarda ki rubuta sunan kowanne saboda ranar da wani zai shiga ya yi miki girki. Na ƙara da ƙwan fitila fari mai caji daidai saman murhu, tunda wuta ba tabbas, kuma girkin sahur a duhu da tocilan a baki na sha shi.

Ni a wata uku na yi nawa, watan farko wanki da fenti, na biyu tebur da fallen ƙarfe, na uku leda da sitika da fitila, duk daga abin da nake ragewa a kuɗin cefane da ribar zoɓon da nake sayarwa. Kanta ta sama ce ta rage min, na riga na auna bangon, ina jira kafinta ya samo min ragowar katako daga wani aiki da yake yi.