Darasi na 7: Sake Miƙewa Bayan Ciwon Zuciya ko na Huhu

Idan aka sallamo mutum daga asibiti bayan ciwon zuciya, 'yan uwa kan ce masa: "Kwanta ka huta, kada ka motsa." Ƙauna ce ta sa. Amma doguwar kwanciya cutar da shi take yi. Jiki ya saki, ƙafafu su mutu, har zuwa masallacin ƙofar gida sai da haki. Zuciya da huhu suna samun ƙarfi ne da motsi kaɗan-kaɗan, wanda likita ya tsara.

Ma'aikatan sashen gashi da motsa jiki ne ke kula da wannan aiki. Na zuciya yakan ɗauki kimanin mako 12, na huhu mako 6 zuwa 8. Sukan fara da sa mutum ya yi tafiya ta minti 6, su auna nisan da ya ci, daga nan su san inda za a ɗora. Wanda tarin fuka ya bar wa rauni a huhu, da uwar da ta shekara da shekaru tana shaƙar hayaƙin icce, duk suna amfana. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yanke mata, a kai ta asibiti tukuna, domin ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa.

Ku gwada wannan yanzu a zaune. Ku ja iska ta hanci kuna ƙirga 1, 2. Ku tsuke baki kamar mai hura koko, ku fitar da ita sannu a hankali kuna ƙirga 1, 2, 3, 4. Yana rage haki sosai.

Ƙirga bugun zuciya

Ku ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa. Ku ƙirga bugun na daƙiƙa 30, ku ninka biyu. Babban mutum da ke hutawa yakan sami 60 zuwa 100 a minti. Ku lura kuma: bugun a jere yake zuwa, ko yana tsallake?

Faɗuwar gaba ba ta jiran ranar ganin likita. Shi ya sa akwai na'urar Holter, mai sunan Norman Holter, Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta. Ƙarama ce, za ta shiga aljihu. Ana manna wayoyinta a ƙirji, a tafi da ita gida awa 24 zuwa 48 tana naɗar kowane bugu, har cikin barci. Kada ruwa ya taɓa ta, kada a cire. Idan jiri ko faɗuwar gaba ta zo, a rubuta lokacin a takarda. A nan iya rubutunku zai yi muku rana, domin da wannan takarda ne likita zai gwada abin da na'ura ta naɗa.

Akwai kuma agogon hannu mai koren haske da ke ƙirga bugu. Wasu suna gargaɗi idan bugun ya rikice, kuma irin wannan rikicewa na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Agogo yakan yi kuskure, don haka a nuna wa likita, kada a sauya magani da kai.

Ciwon ƙirji, jiri, gumi mai sanyi ko numfashin da ya ƙi dawowa: a dakatar da motsa jiki nan take, a nufi asibiti.

Aikin gida: ku ƙirga bugun zuciyarku safe da yamma na kwana 3, ku rubuta lambobin, ku kawo aji.