Idan sautin amfilifayar jita ya fara tsagewa

Salamu alaikum 'yan uwa makaɗan jita na Jidda. Mai amfilifaya irin ta kwalba (wato mai bututun gilashi da ake kira valve a cikinta), in ka ji sautin ya sirance yana ɗan ƙarar tsagewa, musamman lokacin da kiɗan ke lafawa, kada ka yi saurin zargin lasifika. Sau da yawa bayas ne ya yi sanyi, wato wutar da ke bi ta manyan kwalaben ta yi kaɗan. In kuwa ta yi yawa, leƙa bayan amfilifayar: farantin ƙarfen cikin kwalbar zai yi jajawur kamar garwashi. Kashe ta nan take. Ɗan siririn hasken tsakiya dai hita ce, ba komai.

Wajen daidaita bayas, kwalba samfurin EL34 iyakarta wat 25, samfurin 6L6GC wat 30, kuma yawanci masu gyara ba sa wuce kashi 70 cikin ɗari na wannan iyakar. To EL34 a kan bolt 450, kusan miliamfiya 39 ke nan. Ana sa resista mai om 1 a katod (ɗaya daga cikin ƙafafun kwalbar), milibolt ɗin da mita ta nuna shi ne miliamfiyar. Duk sanda ka canza manyan kwalabe, a sake aunawa. Amfilifayar Vox AC30 kuwa ita ke daidaita bayas ɗinta da kanta.

Amfilifayar da aka kawo daga Amurka bolt 120 take so, alhali wasu tsofaffin gidaje a nan 127 suke bayarwa, wannan kaɗai yana zafafa ta. Auna soket tukuna.

Don Allah in ba ka iya ba, kai wa mai gyara. Kapasitocin ciki suna riƙe wutar da ke kisa ko an zare filogi. Kuma kada ka kunna ta babu lasifika, taransifomar cikinta za ta iya ƙonewa.