Yadda Ake Cin Moriyar Littattafan Koyon Rubuta Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Kafin ka buɗe kowane littafi da ke koyar da rubuta ƙagaggen labarin kimiyya, ka tabbata kana da labarin da ka rubuta har ƙarshe, ko da bai yi kyau ba. Kalmomi 2,000 zuwa 3,000 sun isa. Dalili kuwa, yawancin waɗannan littattafai bayanin kurakurai ne da yadda ake gyara su, kuma wanda bai taɓa tafka kuskuren ba zai karanta babin, ya gyaɗa kai, bayan mako guda ya manta. Wanda yake riƙe da daftarinsa kuwa, da ya zo kan kuskuren zai gane shi a shafinsa na uku. Amfanin littafin ke nan: ya ba ka sunan ciwon da labarinka yake fama da shi, ya nuna maka inda za ka duba.

Littattafan iri uku ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba

Akwai masu koyar da ginin jimla da muryar mai ba da labari. Wanda ya fi shahara a nan shi ne Steering the Craft na Ursula K. Le Guin, wanda ya fito a 1998, aka sake gyara shi a 2015. Ba ruwansa da kumbo ko mutum-mutumi, atisaye ne kusan daga farko har ƙarshe. Akwai masu koyar da zubi da tsarin labarin kimiyya kansa, kamar How to Write Science Fiction and Fantasy na Orson Scott Card, na 1990, wanda ya ci lambar yabo ta Hugo a 1991, da kuma Creating Short Fiction na Damon Knight, na 1981, wanda ya fi mai da hankali kan gajeren labari. Na uku su ne masu ba da kimiyyar da marubuci ke buƙata, irin su World-Building na Stephen Gillett, na 1996, da ke bayanin yadda girman duniya da nisanta daga ranarta ke sauya nauyi, iska da yanayi.

Ka ɗauki ɗaya kawai daga kowane rukuni, kuma kada ka karanta su tare. Idan masu karanta labarinka suna cewa ba su gane wa ke magana ba, ko sun gaji a tsakiyar sakin layi, na farko kake buƙata. Idan suna cewa labarin ya ɗauko da daɗi amma ƙarshensa bai gamsar ba, na biyu. Na uku sai ka riga ka san labarin da za ka bayar, domin ba a karanta shi daga bango zuwa bango, buɗe shi ake yi a nemi amsar tambaya guda a rufe.

Babi ɗaya a mako ya isa. Ka karanta shi a rana ɗaya, ka fitar da abu guda tak da za ka gwada, ka rubuta shi a jimla ɗaya da kalmominka, sannan sauran kwanakin ka yi aiki da shi a kan daftarinka. Ka ajiye tsohon daftarin daban, kada ka goge, saboda wani gyaran ɓata labari yake yi, kuma sai ka jera biyun za ka gani.

Inda labari ke farawa da inda yake ƙarewa

Abu mafi amfani a littafin Card shi ne yadda ya kasa labarai huɗu bisa abin da ke tafiyar da su. Akwai labarin wuri, wanda ke farawa sa'ad da jarumi ya shiga wata baƙuwar duniya, ya ƙare sa'ad da ya fito ko ya yanke shawarar zama. Akwai labarin tambaya, wanda ke farawa da abin da ba a sani ba, ya ƙare da amsa. Akwai labarin mutum, wanda ke farawa sa'ad da jarumi ya kasa jure matsayinsa a cikin jama'arsa, ya ƙare sa'ad da ya sami sabon matsayi ko ya haƙura da tsohon. Sai labarin aukuwa, inda wani abu ya dagula zaman duniya, a ƙarshe a daidaita ko a kasa.

Yadda za ka yi aiki da wannan: ka karanta shafinka na farko da na ƙarshe kawai, ka tambayi kanka ko irin labari ɗaya suke bayarwa. A ce ka buɗe da wata injiniya a sansanin duniyar Mars tana neman sanin abin da ke sa ruwan tankinsu raguwa kullum dare. Ka yi wa mai karatu alkawarin amsa ke nan. Idan ka rufe da ita ta shirya da mijinta, ba a ce komai game da ruwan ba, mai karatu zai ji an yaudare shi, ko da wurin sulhun ya sa shi hawaye. Gyaran hanya biyu ne: ko ka sauya ƙarshen ya amsa tambayar ruwan, ko ka sauya farkon ya fara da rikicin auren. Sau da yawa sauya farkon ya fi sauƙi kuma ya fi dacewa, domin a lokacin da ka kai ƙarshe ne ka gano abin da ya dame ka a labarin.

A gajeren labari, wanda a ma'aunin lambobin yabo na Hugo da Nebula bai kai kalmomi 7,500 ba, zare ɗaya ko biyu kawai za ka iya ja. Mai son cusa duka huɗun zai ƙare da taƙaitaccen littafi, ba gajeren labari ba.

Jibga bayani

Wannan ita ce matsalar da ta fi addabar wannan fanni, kuma duk littafin kirki yana da babi a kanta. Marubucin soyayya ba ya buƙatar ya bayyana mene ne kasuwa ko mota. Kai kuwa ka ƙirƙiro duniyar da mai karatu bai taɓa gani ba, dole ka sanar da shi yadda take aiki, kuma hanya mafi sauƙi ita ce mafi muni: ka tsayar da labarin ka zuba shafi biyu na tarihi.

Akwai wani ɗan ƙamus na kurakurai da ake kira Turkey City Lexicon, wanda ya fito daga taron marubuta a jihar Texas ta Amurka, Lewis Shiner da Bruce Sterling suka tsara shi, kuma ana samunsa kyauta a intanet. Ya kamata ya zama abin da za ka fara karantawa bayan ka gama daftari. A ciki an yi wa wata dabara suna, wadda mutum biyu ke gaya wa juna abin da dukkansu suka sani don mai karatu ya ji. Misalinta: “Kamar yadda ka sani, Malam, shekara hamsin ke nan da kakanninmu suka baro duniya.” Ba wanda ke magana haka. An kuma ambaci labarin da ke buɗewa da mutum ya farka a farin ɗaki bai san ko shi wane ne ba, wanda yawanci alama ce marubucin kansa bai san abin da zai rubuta ba tukuna. Akwai kuma ɗabi'ar ɗaukar zomo a laƙaba masa baƙon suna don ya yi kama da dabbar wata duniya. Idan dabbar tana tsalle kamar zomo, tana cin ciyawa kamar zomo, ka ce zomo.

Gyaran a aikace: ka sami alƙalami mai launi ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da bayani take yi, ba wani abu ke faruwa a cikinta ba. Duk inda layin ya wuce jimla uku a jere, ka tsaya. Ka tambayi kanka ko mai karatu yana buƙatar wannan bayanin a wannan shafin domin ya gane abin da ke gaba. In ba ya buƙata, ka cire ko ka tura shi gaba. In yana buƙata, ka nemi mutumin da bayanin ya zame wa matsala. Maimakon ka rubuta cewa saƙo daga Mars zuwa duniya yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 gwargwadon inda duniyoyin biyu suke, ka nuna injiniyar ta ce “Ina kwana, Inna”, ta tashi ta dafa shayi ta shanye kafin “Lafiya lau” ta iso. Mai karatu ya sami ilimin, ya kuma ji kaɗaicin matar, a jimla ɗaya.

Atisayen da bai kamata ka tsallake ba

Mutane da yawa suna karanta atisayen Le Guin su ce sun gane, su wuce. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Biyu daga ciki sun fi yi wa marubucin labarin kimiyya amfani. Na farko, ka rubuta kalmomi 200 zuwa 350 na siffanta wuri ko aiki ba tare da sifa ko bayanau (kalmar da ke ƙara bayanin yadda aka yi aiki) ko ɗaya ba. Zai tilasta maka ka daina cewa kumbon “ƙato ne mai ban mamaki”, ka faɗi abin da mutum yake gani da abin da yake taɓawa. Na biyu, ka ɗauki wani rubutunka da ya haura kalmomi 400 ka rage shi zuwa rabi ba tare da labarin ya rasa ma'ana ba. Za ka ga yawancin abin da ya zube bayani ne da ka ɗauka ba a iya yi sai da shi.

Abin da ke tsufa a cikin littattafan

Shawarar ginin labari ba ta cika tsufa ba, amma kimiyya da kasuwa suna tsufa da sauri. A 1995 aka fara tabbatar da wata duniya da ke zagaya tauraro irin ranarmu, kuma zuwa 2022 adadin irin waɗannan duniyoyi na wajen tsarin ranarmu da aka tabbatar ya haura 5,000. A 2006 aka cire Pluto daga jerin manyan duniyoyi. Saboda haka littafin kimiyya na shekarun 1990 ka karɓi hanyar lissafinsa, amma kowane adadi ka sake duba shi a shafin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ko makamancinsa.

Kada kuma ka nitse a bincike har labarin ya mutu. Ga labarin Mars, alƙaluma kaɗan sun ishe ka: yininta awa 24 da minti 39, shekararta kwana 687 na duniya, ƙarfin da ke jan abu ƙasa kuwa kusan kashi 38 cikin ɗari na namu, wato mai nauyin kilo 60 zai ji kansa kamar kilo 23. Daga kowane adadi ka fitar da abu ɗaya da zai sauya a rayuwar yau da kullum. Watanninta biyu ne, kuma ɗayansu, Phobos, daga yamma yake fitowa ya faɗi a gabas. Wanda ya tashi a inda ake duban wata don azumi da salla ya san akwai labari a nan.

Babin neman mawallafi a tsofaffin littattafai kuwa, inda ake bayanin ambulan da kan sarki, tsallake shi. Ka je shafin mujallar da kake so ka karanta ƙa'idojinta na yau. Ga mai rubutu da Turanci, akwai mujallar Omenana da aka kafa a Najeriya a 2014 don irin waɗannan labarai daga Afirka.

Inda shawarar ba ta hau kan Hausa ba

Da Turanci aka rubuta littattafan nan, don masu rubutu da Turanci. Gargaɗin da suke yi kan yawan bayanau bai shafi amsa-kama irin su tsit, fat da kwatsam ba, waɗanda a Hausa suke rage tsawon jimla maimakon su ƙara. Kalmomin fasaha ma matsala ce da ba za su warware maka ba. Ka buɗe shafi daban ka rubuta kowace kalma da ka ara ko ka ƙirƙira, ka tsaya a kanta har ƙarshen labarin, kuma a gajeren labari kada sabbin kalmomin su wuce biyar ko shida. Ka fi son sunan da mutanen cikin labarin za su raɗa wa abu da bakinsu, don jama'a ba sa kiran na'ura da sunan da ke jikin kwalinta. Yana da kyau ka nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ka ga yadda aka yi tafiyar sararin samaniya da Hausa tun tuni.

A 1947 Robert Heinlein ya zayyana ƙa'idoji biyar ga marubuci. Biyun farko, ka yi rubutu kuma ka gama abin da ka fara, ba mai jayayya da su. Ta uku, wadda ta hana sake rubutu sai in edita ya nema, mai koyo ya yi watsi da ita. Ta biyun ce ta fi shafar masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad: a labarin kimiyya, dokar da ka kafa a babi na biyu ita za ta ɗaure ka a babi na ashirin, kuma ba ka iya komawa ka gyara abin da mutane suka riga suka karanta. Ka gama daftarin duka kafin ka saki shafin farko.

Abu ɗaya da littafi ba zai iya ba shi ne karanta labarinka. Don haka ka ari tsarin da ake bi a taron horar da marubuta na Clarion, wanda aka fara a Amurka a 1968. Ku haɗu mutum huɗu zuwa shida, kowa ya karanta labarin tun kafin ranar zama. A zauna, kowa ya yi magana minti biyu ko uku bi da bi, marubucin ya yi shiru yana rubuta abin da aka faɗa, sai an gama zagaye ya yi magana. Idan mutum ɗaya ya yi ƙorafi a kan wani wuri, kana iya ƙyalewa. Idan uku suka tsaya a wuri ɗaya, ka koma littafin ka buɗe babin da ya yi magana a kan wannan matsalar, shi ne karatunka na wannan makon.