Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin tafiyar da kamfani tsakanin ƙasashe da al'adu

Ɗalibin da ya shiga wannan fanni ba ya daɗewa sai an ajiye masa jadawalin Geert Hofstede a gabansa: ga sunayen ƙasashe a jere, ga maki kusa da kowace. Jadawalin yana da sauƙin haddacewa, kuma daga nan yawancin ɓarnar take farawa.

Ɗaukar makin ƙasa a matsayin halin mutum

Hofstede, masani ɗan ƙasar Holan, ya samo alƙalumansa ne daga takardun tambayoyi kimanin 116,000 da ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM a ƙasashe daban-daban suka cike tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da sakamakon a 1980. A ma'aunin tazarar da ke tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, Malesiya ta sami 104, Ostiriya 11. A ma'aunin fifita kai a kan jama'a, Amurka 91, Gwatamala 6. Waɗannan duk matsakaicin amsoshin mutane da yawa ne. Ba su gaya maka komai game da akantan da ke zaune yana kallonka a ɗakin taro ba. Shi Hofstede da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan, amma har yau ana karanta rahoton ɗalibi an rubuta cewa manaja kaza ba zai yarda a yi masa gardama ba tunda makin ƙasarsa ya yi sama.

Kafin ka kafa hujja da kowane maki, nemi amsar abu uku: su wa aka tambaya, a wace shekara, kuma yaya amsoshin suka bambanta a cikin ƙasar kanta. Wanda ya bi wannan zai tarar cewa a ainihin binciken an yi wa Najeriya da Gana da Saliyo kuɗin goro, maki ɗaya aka ba su da sunan Afirka ta Yamma, haka ma ƙasashen Larabawa da dama. Binciken GLOBE da Robert House ya jagoranta, wanda ya fito a 2004 bayan tambayar manajoji kusan 17,000 a al'ummomi 62, ya ɗan gyara: ya raba Suwizalan mai Jamusanci da mai Faransanci, ya raba gabashin Jamus da yammacinta. Ya kuma raba tambaya gida biyu, abin da ake yi a aikace da abin da mutane suke ganin ya kamata a yi. A yawancin ma'aunan, amsoshin biyu hannun riga suka yi. Don haka idan ka ga maki, ka tabbatar da wanne daga cikin biyun yake aunawa.

Ɗora wa al'ada laifin komai

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi, domin yana hana a ga ainihin ciwon. Misalin da aka fi kawowa a aji shi ne na Walmart, babban kamfanin shagunan Amurka, a Jamus. Kamfanin ya shiga a 1997, ya fita a 2006 bayan ya sayar wa kamfanin Metro na Jamus shagunansa 85, da asarar da ta kai kusan dala biliyan ɗaya. Ɗalibai suna son labarin murmushin dole da aka ce a riƙa yi wa masu sayayya, da taken safiya da ma'aikata suka ji nauyin rerawa. An yi hakan, ba ƙarya ba ne. Sai dai ka duba sauran: Aldi da Lidl, shagunan Jamus masu araha, sun riga sun karya farashi ƙasa warwas tun kafin baƙon ya iso, dokar gasa ta Jamus tana taƙaita sayar da kaya ƙasa da kuɗin sari, dokar lokutan buɗe shago ta ɗaure hannu, kuma shagunan Walmart ba su kai yawan da za su matsa wa masu kawo kaya su rage farashi ba. Ko da ma'aikata sun yi murmushi har kunne, lissafin ba zai fita ba.

Maganin shi ne bin tsari wajen bincike. Idan reshen kamfani a wata ƙasa ya kasa, fara da doka: akwai abin da ta hana? Sannan albashi da lada: a kan me ake biyan mutane, a kan me ake hukunta su? Sannan tsarin iko: wa ke sa hannu, kuma mutum nawa ma'aikaci yake amsa wa? Sannan kayan aiki da lokaci. Abin da ya yi saura bayan an tace waɗannan, shi ne za a fara tuhumar al'ada da shi. Sau da yawa ma'aikacin da aka ce ba ya faɗin ra'ayinsa saboda tarbiyya, kwantiraginsa ne na wata shida, kuma wanda zai sabunta masa shi ne yake tambayar.

Kwafo dokokin ma'aikata daga hedikwata

A kusan duk jihohin Amurka ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da ba da dalili ba, muddin ba don wariya ko wani dalilin da doka ta haramta ba ne. A Jamus, wurin aiki mai ma'aikata na dindindin biyar yana iya kafa majalisar ma'aikata, kuma inda take, korar da aka yi ba a saurare ta ba ɓatacciya ce a doka. Kamfanin da ma'aikatansa suka haura 2,000, rabin kujerun hukumar sa ido na wakilan ma'aikata ne. Manajan da bai san wannan ba zai ce ana yi masa taurin kai, alhali haƙƙinsu suke amfani da shi. Haka batun bayanan ma'aikata: tun Mayun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su wajen Tarayyar, kuma tara tana iya kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya, duk wanda ya fi yawa. Kowace ƙa'ida ta hedikwata a raba ta biyu, manufa da hanya. Manufar ta zauna, hanyar kuwa lauyan ƙwadago na can ya duba ta kafin a buga.

Ɗaukar gyaɗa kai a matsayin yarda

Edward Hall, masanin al'adu ɗan Amurka, ya bambanta al'ummomin da ke zuba saƙo duka a cikin kalma da waɗanda ke barin rabinsa a yanayi da matsayi da shiru. A manyan kamfanonin Japan, misali, an saba daidaita magana da mutane ɗaya bayan ɗaya kafin taro, takarda ta zagaya kowa ya buga hatiminsa. Wanda ya zo da sabuwar shawara a tsakiyar taro yana jiran a yanke nan take, zai ga ana gyaɗa kai, ya koma gida da murna, mako uku shiru.

Kada ka tambayi mutum ko ya gane, ko zai iya. Ce masa: "Me za ka fara yi ranar Litinin, kuma me zai iya hana ka?" Bayan taro, kafin kwana ɗaya ya cika, a aika taƙaitaccen rubutu mai ɗauke da aiki, sunan mai yi, da rana. A rubuta watan da haruffa, domin 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Turai 3 ga Afrilu. A lura da ɗigo da waƙafi a lissafi, 1.500 a Jamus dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Amurka tana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta Maris, Turai sai Lahadin ƙarshe, shi ya sa tarukan intanet suke rikicewa a makonnin da ke tsakani. Hutun mako ma ba ɗaya ba ne: Saudiyya Juma'a da Asabar, Hadaddiyar Daular Larabawa kuwa ta koma Asabar da Lahadi tun Janairun 2022.

"Ai haka ake yi a can"

Girmama al'ada bai zama kariya a kotu ba. Dokar Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010 kan cin hanci suna bin kamfani har ƙetare, ta Birtaniya ma ba ta yafe ɗan abin da ake miƙa wa jami'i don ya hanzarta takarda ba. A ƙarshen 2008, jimillar abin da kamfanin Siemens na Jamus ya biya hukumomin Amurka da Jamus kan toshiyar baki ta kai kusan dala biliyan 1.6. Kamfani ya sa iyakar ƙimar kyauta a rubuce, ya buɗe rajistar da ake shigar da kowace, ya hana bayarwa lokacin da ake neman kwangila, ya kuma binciki dillalai da wakilai, don ta hannunsu kuɗin ya fi bi.

A ɓangaren bincike

Masu rubuta kundi suna fassara takardar tambayoyi sau ɗaya su raba. Ƙa'ida ita ce wani ya fassara, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a kwatanta, sannan a gwada a kan mutane kaɗan. Ko bayan haka, kada a gwama matsakaicin maki kai tsaye, domin wasu al'ummomi sun fi son zaɓar tsakiya, wasu kuma ƙarshen jerin amsoshin.

Sai kwafar alƙaluma daga bakin wani. Shekaru da dama littattafai suna maimaita cewa kaso mai yawa na manajojin da ake turawa waje suna dawowa kafin wa'adi. A 1995 Anne-Wil Harzing ta bi sawun waɗannan alƙaluma zuwa tushe, ta nuna cewa yawanci marubuta ne suke kwafar juna, wani lokaci ma ba daidai ba, binciken gaske kaɗan ne a ƙarƙashi. Duk adadin da za ka saka a kundinka, nemo takardar da ta fara kawo shi, ka karanta shafin da idonka, ka rubuta yawan mutanen da aka tambaya da shekarar da aka yi tambayar kusa da shi.