Shawara ga sabon zuwa Birtaniya kan zama da masu neman jinsi ɗaya

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke isowa Birtaniya suna fara aiki ne a gidajen kula da tsofaffi ko asibitoci, kuma ba a daɗewa sai wata rana a lokacin shan shayi abokin aiki namiji ya ciro wayarsa ya nuna maka hoto ya ce, "Ga mijina." Yadda fuskarka za ta kasance a wannan lokaci, da abin da zai fito daga bakinka, suna iya shafar aikinka, saboda haka gara ka san matsayin doka tun kafin ranar ta zo.

A Najeriya, dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, amma a Ingila da Wales a wannan shekarar ce aka fara ɗaura irin wannan aure bisa doka. Kafin a kai nan an sha gwagwarmaya, domin har zuwa 1967 saduwa tsakanin namiji da namiji laifi ne a Ingila. Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, an same shi da wannan laifi a 1952, kuma sai a 2013 aka yi masa afuwa, shekaru da dama bayan mutuwarsa.

Abin da na fi so sabon zuwa ya riƙe shi ne abin da ya faru a Landan a watan Afrilun 1999. Mutum ɗaya ya dasa bama-bamai cike da ƙusoshi a wurare uku: Brixton, unguwar baƙar fata, sai Brick Lane, inda 'yan Bangladesh, akasarinsu Musulmi, suka fi yawa, sannan mashayar Admiral Duncan a Soho, matattarar masu neman jinsi ɗaya, inda mutum uku suka mutu, ciki har da mace mai juna biyu. A idon wannan mutum, mu da su duk abin ƙi ne.

Dokar daidaito ta 2010 ta haɗa mu a inuwa ɗaya. Ita ce ta hana a ƙi ɗaukarka aiki saboda launin fatarka ko addininka, kuma ita ce ta hana a wulaƙanta wani saboda wanda yake so. Ba wanda zai tilasta maka sauya aƙidarka, kuma dokar aure ba ta tilasta wa limami ko fasto ɗaura auren da addininsa bai yarda da shi ba. Abin da ba za a lamunta ba shi ne tsangwama: zagi, habaici, tura barkwancin cin mutunci a zauren WhatsApp na ma'aikata, yi wa abokin aiki wa'azin da bai nema ba, ko ƙin kula da majinyaci. Kowanne daga ciki yana iya kai mutum ga kora, wanda kuwa bizarsa ke rataye da aikinsa ya san abin da kora ke nufi.

Ka tuna kuma cewa a cikin 'yan ƙasarmu da ke nan akwai waɗanda wannan tsangwama ce ta raba su da gida, don haka kada ka kai labarin kowa ga danginsa. Idan ka ga ana cin zarafin wani a titi ko a bas, ka kira 'yan sanda a lambar 999 in akwai haɗari, ko 101 in abin ya riga ya wuce.