Shawara ga Masu Sayen Motar da Aka Shigo da Ita daga Turai ko Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda zai sayi mota a Yamai, musamman waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, ya kunna rediyonta ya gwada kafin ya biya kuɗi.

Tun watan Disamba na 2020 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci masu rediyo su iya kama tashoshin dijital, abin da ake kira DAB+, kuma ƙasar Norway ta kashe FM na manyan tashoshinta tun 2017. Mu kuwa a nan gida, Muryar Sahel da tashoshi masu zaman kansu duk a kan FM muke saurarensu, saboda haka kada dillali ya ƙara maka farashi da sunan rediyon dijital. Idan ka kunna ka ji shiru, allon yana nuna DAB, rediyon bai lalace ba. Danna maɓallin sauya zango har FM ya fito.

Motocin Amurka sun fi ba da wahala, domin rediyonsu yakan tsallake lambobi, daga 96.1 ya faɗa 96.3, ta yadda tashar da ke kan 96.2 ba za ta fito tangaran ba. Na ga direban da ya sha canza eriya a banza kan wannan matsala. A wasu motocin ana iya sauya yankin duniya da aka tsara rediyon dominsa a cikin saitin rediyon, in kuma bai yiwu ba, gara a kai wa mai gyaran wutar mota ya sa wani rediyon.