Yadda zaka shiga Barikin Bukavu ba tare da kasha tsallen kwaɗo ba

Duk ɗan Kano yasan barikin nan, hedkwatar birged ta 3 ce ta sojan ƙasa, sunan kuma daga garin Bukavu na Kwango aka samo shi, inda sojojin Najeriya sukaje aikin kiyaye zaman lafiya ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya wajejen 1960. To gidan soja ne ba gidan ƙanin babanka ba.

Kafin ka fito ka kira wanda zakaje wajensa, ka riƙe muƙaminsa da cikakken sunansa, kar kaje get kace wai wajen "Oga Sani" kazo, Sani nawa ne a ciki? Ka ɗauki katin shaida. Da ka doso get ka rage gudu ka sauke gilas, in dare ne ka kashe fitilar gaba ka kunna ta ciki, waya kuma a aljihu malam, hoto ko bidiyo kar ma ka fara. In sukace buɗe but ɗin mota ka buɗe kawai banda musu.

In ka jiyo bigila kaga kowa ya ƙame, kaima tsaya cak har a gama. Daga nan ka nemi mami maket, wato kasuwar cikin bariki, gasasshen kifinsu yafi na waje wallahi.